Loma Uku a Gaban Inna

Bana kaka ta yi kyau a Adar. Da na taso daga Madawa, tun daga Buza har muka gangara wajen Garhanga, ba abin da ido ke gani sai dammunan gero a jingine da amalanken jakai suna tafe a hankali. Ƙamshin sabon hatsi har cikin mota yake shigowa. Ni kuwa ina zaune a gaba da guzurina a cinya, dafaffen ƙwai ɗaya, wanda na ci rabinsa a Buza na nannaɗe rabin don la'asar.

Wanda ya san ni shekara biyu da suka wuce zai ce ƙarya nake. Ni ce Hajiya Rabi mai albasa, wadda in ta zo tasha direba ke ba ta wurin mutum biyu, ya zaga ya duba tayar baya yana salati. Akushin tuwo ni kaɗai nake tashi da shi, in bi da kilishi, in kora da fura, in kuma tambaya ko akwai saura. Ban taɓa jin kunyar haka ba. Sai da gwiwoyi suka ƙi ɗaukata, tansiyo, wato hawan jini, da ciwon sukari suka haɗa mini kai, har sujada ta gagare ni na koma salla a kan kujera. Ɗiyata da ke aikin jinya a Yamai ta kafe, ta ɗauke ni zuwa wata ƙasar Larabawa aka yi mini aiki. Likitoci suka yanke mafi yawan tumbina, suka bar mini ɗan siriri kamar zangarniyar gero.

Da farko romo nake sha da cokali, sai kunu mai ruwa, sai a hankali na kai ga tuwo. Yau shekara guda da ƴan watanni, loma uku ce iyakata, su ma ƙanana. In akwai nama ko ƙwai shi zan fara ci. Ba na shan ruwa a kan abinci sai an jima. Kowace loma sai na tauna ta har ta zama ruwa a baki. In na yi gardama na ƙara ta huɗu, a ƙirji take tsayawa, ba gaba ba baya. Jikina ya yi sauƙi, goshina ya koma taɓa ƙasa, na gode Allah. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban faɗa wa Inna ba, kuma tun da aka yi aikin ban taka ƙauye ba.

Inna, mahaifiyata, ta tsufa ƙwarai. Idonta ya tafi, hankalinta kuma wata rana yana nan tare da mu, wata rana yana can shekarun baya. Tana zaune wurin ƙanena Idi, matarsa Mariyama ke kula da ita. Da na shiga na durƙusa, sai ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta gangara wuya, ta kama damtsena ta matsa. Ta daɗe tana riƙe da shi.

"Rabi, ke ta?"

"Ni ta, Inna."

Da azahar Mariyama ta kawo tuwon sabon gero da miyar guro, wato kuɓewa, man shanu na yawo a kai, ta ajiye nawa ta ajiye na Inna. Na gutsura na soma taunata ta masu lokaci. Inna na ci, amma kunnenta na wajena, na ga yadda ta karkata kai. Da na gama ta ukun na suɗe yatsu na ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Hannun Inna ya tsaya a cikin kwano. Ta ciro shi, ta ture kwanon a hankali ta ce, "Ni ma na ƙoshi."

Wannan doguwar tauna da likita ya ɗora mini ta zo da wani abu da bai faɗa mini ba. Mutum in yana tauna loma ɗaya har tsawon karatun Fatiha uku, hankalinsa tafiya yake. Ina zaune a inuwar zaure, hasken kaka na zuba a tsakar gida, kaji na tsattsagar ƙaiƙayi, sai in ga gidan ya ragu, katangar ta koma darni, ni kuma na koma yarinya ƴar shekara goma.

A waccan shekara ruwa sau biyu ya sauka ya ɗauke. Sama ta yi fari fat. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, mu fito muna kallo, iska ta kwashe shi ta wuce da shi. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Da kaka ta zo, dammunan da muka ɗaure ba su kai yatsun hannu biyu ba. Baba ya sayar da awaki, ya bi mazan gari suka nufi Kurmi, can kudu, neman abin da za a aiko. Kafin ya tafi, shi da Inna suka zaɓi zangarniyoyin da suka fi ido, suka sa a rumbu, suka liƙe bakinsa da laka. Wannan iri ne. Inna ta tara mu ni da Idi ta ce ko mutuwa ake ba a taɓa shi.

Da rani sai aikin duwatsu ya zo. Wani furoje ne, wato shirin taimako, ana jera duwatsu a bakin kwazazzabai da gefen tuddai don in ruwa ya zo ya tsaya ya shiga ƙasa, ana biyan mutane da abinci. Maza ba sa nan, mata ne suka yi shi. Da sassafe za mu hau tudu, layi guda, kowace da gammonta. Duwatsun Adar baƙaƙe ne, kafin hantsi sun yi zafin da ba a riƙe su sai da tsumma. Inna na ɗaukar wanda sai mata biyu sun aza mata, ni ina biye da ɗan nawa. Har yau in na rufe ido ina ganin layin matan nan yana gangarowa cikin hururin rana, ƙafafunsu kamar ba sa taɓa ƙasa, wata na ba da waƙa can gaba, muryar na zuwa tana ɓacewa. Ƙarshen mako kamyo, babbar motar kaya, ya zo, a auna wa kowa jar dawa, da mai a gwangwani, wani lokaci har da kifin sardin. Gwangwanin in ya ƙare Idi ke lashewa har ya yanke harshe.

Bazara ce ta fi tsanani. Kamyo ya riƙa jinkiri, abin da aka auna ba ya kai mako. Muka shiga daji tsinkar anza. A dafa ta, a kai bakin rijiya a jiƙa, a zubar da ruwa a sake wani, kwana da kwanaki, duk da haka ɗacinta na nan a maƙogwaro har washegari. Muka ci ganyen jiga, muka ci dusa, muka tona gidan tururuwa muka kwashe ƴan ƙwayoyin da suka tara, suna cizon mu muna ba su haƙuri. Zafi kuwa, ko inuwa ka shiga sai ka ji kamar ana hura maka wuta a fuska. Amma abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Garin da tun asuba turmi ke amsa wa turmi, sai ga shi hantsi ya yi ba ka jin tabarya ko ɗaya, sai kukan kurciya.

Sau ɗaya muke ci, bayan la'asar. Inna za ta dama kunu mai ruwa a ƙwarya guda, ludayi ɗaya na zagayawa. Ita za ta sha uku, ta goge baki da gefen zane, ta ce ta ƙoshi, ta bar mana sauran. Haka kowace uwa ke yi a garin, haka tsofaffi ke yi. Babba in ya sha uku ya ce ya ƙoshi, kowa ya san abin da ke nan, ba mai tambaya. Wata rana na dubi Idi, cikinsa ya kumbura gashinsa ya yi ja, sai ni ma na sha uku na goge baki na ce na ƙoshi. Ina jin kaina babba. Inna ta dube ni, ta tashi ta zaga bayan ɗaki, ta daɗe. Da ta dawo ta kama ƙeyata ta kafa mini ludayi a baki ta ce, "Sha. Ba a tambaye ki ba." Daga ranar ta mayar da nata biyu. Wayon da na yi, a cikinta ya ƙare.

Sai ga ruwa. Da rana tsaka ya zo, da iska mai ƙamshin ƙasa, muka tsaya a ciki baki buɗe. Washegari Inna ta fasa lakar rumbu. Ta sussuka irin, ta zuba a ƙoƙo, ta tamke ɗamara a ciki har sau biyu. Tana gaba tana sara da sungumi, ina biye ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige. Hatsi a hannuna, yunwa a cikina, ina zuba shi a rami. Sau ɗaya na kai ƴan ƙwayoyi baki. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Wanda kinka ci dami guda na." Ban sake ba.

Damina ta yi albarka, amma yunwar ba ta tafi nan da nan ba. Duniya ta yi kore shar, kwaɗi na kuka, ruwa ya tsaya a bayan duwatsun da muka jera, mu kuwa tafasa muke dafawa da ɗan gishiri. Inna na noma tana tsayawa ta dafa hauya har jiri ya wuce. Ranar da gero ya yi ido, ta karyo zangarniya biyu ta gasa mana tumu. Ta murza a tafin hannu, ta hure, ta zuba mini a baki da ɗuminsa. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, har Makka.

Tun daga tumun nan na kama ci ban tsaya ba. An ce ciki mai manta kyautar jiya, nawa kuwa rashin jiya ne ya ƙi mantawa. Inna ba abin da ke faranta mata rai kamar ta ga ina ci. Duk zuwan da zan yi, sai ta kama damtsena da hannu biyu ta yi dariya, ta kira maƙwabta su zo su ga abin da dutse ya haifa. Ƙibata ita ce ladan aikinta da ta gani da idonta tun a duniya. To da wane baki zan ce mata na kai kaina an yanke?

Kwana uku Inna na kan loma biyu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambaye ni komai ba. A rana ta uku Mariyama ta ja ni madafa, ta buɗe wani tsumma. Gutsattsarin tuwo ne, sun soma bushewa.

"Ƙarƙashin tabarmatta na ishe su, Yaya. Kuma ɗazu ta kira ni tana raɗa, wai in rage awo, in riƙa dama kunu da ruwa-ruwa. Wai kak ku san ta sani."

Sai a lokacin na gane. A duniyar Inna, babbar mace ba ta cin loma uku ta ce ta ƙoshi sai in rumbu ya ƙare ana ɓoye wa tsofaffi da yara. Ta shafa damtsena ta ji fata, ta ji abin da na faɗa, ta haɗa lissafinta. Yunwa ta dawo, ɗiyarta na bar mata rabonta, ita kuma ta san abin da uwa ke yi. Tsoro ya kama ni, don mai shekarunta in ta yi mako a haka ba tashi za ta yi ba.

Idi ya ce abin mai sauƙi ne. Da hantsi muka kama ta muka kai ta gindin rumbu, ya hau ya sauko da dami ya aza a gabanta, ya kama hannunta ya bi da shi kan zangarniyoyi.

"Inna, taɓa ki ji. Rumbu ukku cike, ga na huɗu muna ɗaurin baki. Bana ko jakkai sun gaji."

Ta shafa, ta murza ƙwaya, ta kai hanci. Fuskarta ta yi laushi, har na soma murna. Sai ta ce, "Maida shi. Wanga iri na. Ku liƙe da laka."

Da wannan ta ƙi, na ce to ni zan gwada tawa. Loma nawa ce za ta kashe ni? Da azahar na sa Mariyama ta dama fura da nono da sukari, na zauna daf da Inna yadda za ta ji kowane haɗiya. Na sha ludayi uku, na sha na huɗu, na biyar, ina cewa kai furar ga ta yi daɗi. Inna ta ɗauki nata ludayin ta soma sha. Ban kai na bakwai ba zufa ta karyo mini, zuciyata ta kama bugu, gidan ya soma juyawa. Da rarrafe na kai bayan ɗaki na mayar da ita duka. Na kwanta a ƙasa ina kallon sama, gajimare na wucewa a hankali, na rasa a wace shekara nake.

Abin ya ƙara lalacewa. Inna ta ji komai, kuma ta san irin wannan aman. A waccan shekara ta ga mutanen da suka daɗe ba su ci ba, ranar da suka samu cikinsu ya ƙi karɓa. Da maraice ko loma biyun ba ta yi ba. Ta zauna tana jan tasbaha, leɓɓanta sun bushe, tana kiran sunan Baba wanda ya rasu shekara ashirin, tana tambaya ko an ji labarin masu Kurmi.

Washegari da safe na ce wa kaina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓi kwanon ɗumame daga hannun Mariyama na shiga ɗakin Inna na sakaya ƙofa. Na zauna a tabarmarta, na kama hannunta, na ɗaga rigata na aza yatsunta a kan cikina. Tabon aikin ƙanana ne, guda biyar, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Na bi da yatsanta kansu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi an nan?"

"Aiki anka yi mini, Inna. Ba yunwa ba ta. Ƙiba ce tas so kashe ni, ko sujada ban iyawa. Likita yar rage mini tumbi. Yanzu loma ukku ka cika shi, in na ƙara sai abin da kinka ji jiya. Hatsi na nan, wallahi. Ni ɗai ce ba ni da wurin sa shi."

Yatsanta na kan tabon ƙarshe yana zagaya shi. A waje Mariyama ta soma daka, wata maƙwabciya ta amsa mata daga can.

"Ciwo yac ci shi?"

"A'a. Lahiya lau shike."

"Ke kinka kai kanki?"

"Ni nak kai kaina."

"Ina sunka kai wanda sunka yanke?"

Wannan ban taɓa tambaya ba. Na ce ban sani ba. Ta girgiza kai ta ce ko cibiyar jariri ana haƙa mata rami a gida, ni na bar rabin cikina a ƙasar mutane ban ko waiwaya ba. Hawaye suka zubo mini. Na ce ta yafe mini, na san da me aka cika shi, na san wuyan da ya ɗauki dutsen. Kunya nake ji irin wadda ban ji ba tun ina yarinya, kuma ban san ko ta yarda ba, ko dai ta ɗauka wata sabuwar dabara ce ta ɓoye mata yunwa.

Ta janye hannunta ta gyara mini rigar da kanta. Ta karkata kai tana sauraren turamen nan biyu, har na uku ya shigo daga bayan masallaci. Ta daɗe tana ji.

"Yanzu kina kai goshi ƙasa?"

"Ina kaiwa, Inna."

"To ci ukkunki in ji."

Na ci, a hankali, ita kuma ta jira har na haɗiye ta ƙarshe. Sai ta laluba ta jawo kwanon gabanta, ta gutsuri loma irin wadda ban taɓa ganin ta yi ba, ta dulmiya a miya.

"Ja'ira," ta ce. "Da na san haka za ki yi da shi, da na sha rabona waccan shekara."

Ta ci har ta kai gindin kwano, ta suɗe, ta miƙo mini ta ce in dubo ko Mariyama ta bar saura a tukunya.